Tsagar da Ke Gindin Gorana

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, samarin unguwarmu suka same ni a gindin dogon yaro suka tura mini waya har hanci. A cikinta wasu mutane ne a bakin tekun Ikko, kowa tsaye kan allo, igiyar ruwa ta ɗauko shi tana gudu da shi zuwa gaɓa. Babbansu ya ce, "Baba Nomau, wanga ba shi na aikinku na dauri ba? Ai ba wuya. In ruwa ya zo bana, jarka za mu ɗauka mu hau." Na dube shi, yaron da ko a randa ya leƙa sai ya riƙe bango. Sai wani a cikinsu ya shiga tsokanar ɗan'uwansa da ya fita da babur bai duba taya ba, ta fashe masa a hanyar Bafarawa. Ya ce wai ya yi irin ta Arzika. Duk suka kwashe da dariya. Na tambaye su waye Arzika. Ba wanda ya sani. Sun dai taso sun ji ana faɗin haka ga duk wanda ya yi sakaci da kayan aikinsa.

To, Arzika kawuna ne, wan mahaifiyata, shi ya koya mini fito, wato ƙetarar da mutane gulbi. Abin da garin nan yake faɗa a kansa ba gaskiya ba ne, kuma ni kaɗai na rage da na san haka. Shi ya sa, ku samari, za ni ba ku labarin sana'ar daga tushe, don in na zo wurin ku gane.

Abin da ke cikin wayarku na gan shi da idona. Shekarar da na tafi cin rani kurmi, na yi gadin wani gida kusa da teku, kuma ran hutu nakan zauna kan rairayi in yi kallo. Ban raina su ba. Na ga mutum yana goga wa allonsa wani abu kamar kakin zuma, yana shafa shi da tafin hannu yana neman inda ya tsage. Na ga ya zauna ya daɗe yana kallon ruwa kafin ya sa ƙafa. Na ce a raina wannan ɗan sana'a ne, ko yarenmu ba ɗaya ba. Ku abin da waya ta nuna muku shi ne tsayuwar, ba ta nuna muku zaman ba. Sai dai ruwansu da namu ba ɗaya ba ne. Igiyarsu in ta kayar da mutum, gaɓa take kai shi, wata kuma tana tafe a baya. Ruwan gulbinmu sau ɗaya yake wucewa, ba ya dawowa, kuma da itatuwa a cikinsa.

Kafin a yi gada, duk wanda zai bar ƙauyenmu da damina zuwa Sabon Birni ko Isa sai ya bi ta hannunmu. Ba mu da jirgi, don gulbin ba ya riƙe ruwa sai 'yan watanni, sauran shekara yashi ne da rijiyoyin masu lambu. Gora muke da shi. Ba goran fura ba, ba na alwala ba: goran fito, wanda namiji zai rungume shi hannuwansa su kasa haɗuwa. Mai fito yakan kwanta da ƙirji a kan nasa, ya yi tuƙi da ƙafafu da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da igiya. Mai lafiya a ba shi gora ya runguma a ja shi. Tsoho, ko mace mai goyo, ko marar lafiya, sai a ɗaure gadon kara bisa ƙananan goruna biyu a ɗora shi, mutum biyu su kai shi. Ɗaya yana gaba ta inda ruwa ke bugowa, shi ke shan nauyin, ɗaya yana baya yana gyara hanya.

Goran farko da na ga an raina daga iri, a bayan ɗakin Kawu Arzika ne. Irin duman daga Gangara kakansa ya samo shi, kuma ba ya ba kowa. In duma ya yi 'ya'ya sai ya tsinke duka ya bar ɗaya. Ya haƙa rami ya zuba yashi mai laushi ya kwantar da shi, kowane kwana biyu ya juya shi don kada gefe ɗaya ya lotsa. Ya yi masa rumfa kamar jariri. In akuyar maƙwabta ta doshi wurin, ranar unguwa ba ta da zaman lafiya. Bayan ya ƙosa a bar shi ya bushe a inuwa, a huda ɗan baki a kwashe ciki, a toshe da itacen da aka sassaƙa daidai, a liƙe da danƙo. Shekara guda cur kafin ya ga ruwa, kuma cikin uku da kyar ɗaya ke yin goran mutum. Ku kuwa jarka, ku je tasha ku ɗauko.

Na zo hannunsa ina saurayi, bayan rasuwar mahaifina, gonarmu kuma ba ta kai ta ciyar da gida ba. Damina ta farko ban taɓa igiya ba. Aikina in ɗauko goruna daga rataye in kai mashiga, in dawo da su, in ƙwanƙwasa. Wannan ƙwanƙwasar ita ce rabin sana'ar. Kowace safiya mai fito zai ɗora goransa a cinya ya bi shi da ƙashin yatsa, daga baki har gindi, kunnensa a kusa. Gora mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo, kamar ganga. Mai tsaga, ko da tsagar ba ta kai silin gashi ba, amsarsa gajera ce, kamar ka buga buhun gero. Kawu yakan zauna a rumfarsa yana tufkar igiya, bai ko ɗaga kai ba, ya ce in sake buga wancan wurin. In na buga ya tambaye ni mi goran ya ce. Dole in faɗa da baki. In na ce lafiya alhali ba lafiya ba, ranar ba ni da abincin rana.

Dokar masu fito a kan haka guda ce, kuma kowa ya san ta tun daga mashigarmu har ta Kamarawa. Gora yana fashewa, wannan ba laifin kowa ba ne. Wanda ya fasa ya faɗa da bakinsa, a yi masa faɗa, ya yi wata guda yana dakon gorunan wasu, magana ta wuce. Wanda ya fasa ya ɓoye, wani ya tona shi, an raba shi da gulbi ke nan har ya mutu, ba mashigar da za ta karɓe shi. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

Bayan kunne sai ido. Ya koya mini cewa inda ruwa ya yi sumul yana sheƙi, nan ne zurfi. Inda yake tafasa a wuri ɗaya, kututture ne a ƙasa. In kumfa ta taho da karan dawa ɗanye, an yi ruwa mai yawa can sama, gulbi zai ƙaru kafin la'asar ko da mu nan rana ake ƙwallawa. Ba a nufar gaɓar da ake so kai tsaye. Sai a hau sama a shiga, a bar ruwa ya yi rabin aikin, a fita can ƙasa. Wanda ya ce zai yi kokawa da gulbi, ko tsakiya ba zai kai ba numfashinsa ya ƙare.

Wani Alhaji mai kai atamfa da batir kasuwannin Nijar, shi ne mutum na farko da aka bar ni na ƙetarar ni kaɗai. A gaɓa yana ta ba ni labarin yadda ya ga teku a hanyar Makka, wannan kuwa ai kwata ce. Da ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa sai ya saki goransa ya rungumi wuyana. Na yi abin da aka koya mini: na nutse da shi. Mai tsoro in ya ji ana yin ƙasa da kansa yake saki. Na ɓullo ta bayansa na kama wuyan rigarsa na mayar da shi kan gora. Ya fita yana zagina, washegari ya aiko mini da hula. Mafi sauƙin mutane a ruwa matan Fulani ne masu tallar nono. Mace za ta ɗaure ƙwaryarta a ka, ta rungumi gora, ta rufe ido, ba za ka ji bakinta ba sai kun fita. Mafi wuya kuwa malamin makaranta da ɗan sanda, don kowannensu yana so ya gaya maka ta inda za ka bi. Kawu shekara da shekaru yana wannan aiki, ko takalmin mutum bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Mata masu ciki sukan zauna a gaɓa su ce su dai sai Arzika.

Yanzu ga abin da kuka zo ji. E, muna hawan ruwa, kuma tun kafin a san waya. Muna ce masa hawan kan ruwa. Wani lokaci sai a yi ruwa mai ƙarfi can wajen Zamfara, mu nan gulbi bai wuce gwiwa ba. Sai ka ji ƙugi daga nesa kamar garken shanu. Ruwan yakan taho a tsaye, ja wur, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana naɗe duk abin da ya tarar. Samarin masu fito sukan jira shi a wata kwana da ke sama da mashiga, inda gaɓa ta tsuke. Kana kwance kan gora, ƙafafunka na tuƙi tun kafin ya iso, in ya ɗauke ka daidai sai ka ji ka yi sama, iska na dukan fuskarka, gaɓa na gudu baya. Gwani yakan kai har tsamiyar mashiga kafin ya zame gefe. In ka makara ya danne ka, in ka yi gaggawa ya tofar da kai. Mutanen gari kan cika gaɓa, 'yan mata na guɗa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar wannan ba. Manya ba su hana, amma da sharaɗi: da tsofaffin goruna ake yi, waɗanda gyartai ya riga ya ɗinke. Goran aiki ba ya zuwa wasa.

Shekarar da abin ya faru ba yaro ba ne ni. Ina da mata da ɗiya ɗaya, Kawu ya riga ya ba ni gorana na kaina, babba, ɗan uwan nasa, daga iri ɗaya a shekaru biyu a jere. Damina ce mai ruwa, gulbi ya ci gonakin fadama, ƙwari kuma sun riga sun lalata duman shekarar da ta gabata, saboda haka manyan goruna biyu kaɗai gare mu. Akwai wani Tunau, mai fito a mashigar da ke ƙasa da tamu, wanda sau biyu yana riga ni kai wa tsamiya, kuma ba ya barin in manta. Ran nan da la'asar aka ji ƙugi. Kawu ya tafi gaisuwar mutuwa. Na dubi tsohon goran wasa, na dubi nawa a rataye, na san da babba ruwa zai fi ɗaga ni. Na sauke shi.

Na ci Tunau ranar, na wuce tsamiya ma. Amma wajen zamewa gefe na ji gindin goran ya daki wani abu a ƙasa, ƙum. Ina fita mutane na ta kiran sunana, ni kuwa hankalina yana kan gora. A bayan ɗaki na duba. Tsaga ce siririya, ba ta fi tsawon yatsa ba. Na narka danƙo na shafe, na goga ƙasa da man gyaɗa har wurin ya saje. Na ce a raina ai washegarin kan ruwa ba a fito, sai gulbi ya kwanta, kafin nan na san dabarar da zan yi. Waɗanda suka gan ni a ruwa ba su lura da wane gora na hau ba, Tunau kuwa yana baya yana shan ruwa.

Da safe na ɗora shi a cinya kamar kullum na bi shi da yatsa. Daga baki har ciki yana amsawa. Da na zo gindi sai ya ce tuɓ. Na yi sauri na wuce wurin. Kawu yana rumfarsa yana tufka, kansa a sunkuye. Ban gama ba sai ga Fulani sun taho da gudu ɗauke da mutum. Jaɓɓi ne, wani makiyayi da ke zaune a bayan garinmu, kububuwa ta sare shi a ƙafa yana kai shanu. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinsa ya fara jini. Maganin gida ba zai yi ba, sai asibitin Sabon Birni, kuma gulbi cike yake har bakin gaɓa. Don rai kaɗai ake shiga ruwa irin wannan.

Muka ɗaure gadon kara, muka kwantar da shi. Jama'a ta taru. Ni ne mai ƙarfi, ni ya kamata in yi gaba. Sai Kawu ya tsaya a gabana.

"Nomau, ka ƙwanƙwasa?"

"Na ƙwanƙwasa, Kawu."

"Mi yac ce?"

"Lahiya lau."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To ba ni shi. Kahwaɗata na ciwo, naka ya hi daɗin runguma. Ɗauki nau ka bi baya."

Ya miƙo hannu, na miƙa masa. Wannan miƙawar ita ce abin da na yi. Bakina ya buɗe, na ga idanun mutanen da jiya suke kiran sunana, na rufe. Na ce wa kaina danƙon zai riƙe. Muna shiga ruwa ya waiwayo ya dube ni, da ya kai masa ƙugu ya sake waiwayowa, da ya kai ƙirji ya sake. Na ɗauka gadon yake dubawa.

Danƙon ya riƙe har tsakiya. Daga baya ina ganin goran yana nutsewa a hankali, ƙirjin Kawu yana yin ƙasa. Sai wani reshe ya taho ya buge shi, goran ya dare biyu. Mai fito in goransa ya fashe, abin da aka koya masa shi ne ya saki igiya ya ceci kansa. In ya saki a wannan wuri, gadon zai juya, ni kaɗai ba zan iya riƙe shi ba, Jaɓɓi ya tafi. Kawu bai saki ba. Ya naɗe igiyar a damtsensa na dama sau uku, ya ci gaba da iyo da hannu ɗaya, nauyin gado da mutum da gulbi duk a kan wannan damtse. Kansa yana nutsewa yana ɓullowa. Ni ina baya ina tura iya ƙarfina a kan goransa mai lafiya. Can ƙasa da mashigar Tunau muka fita, nesa da inda muka saba. Da aka warware igiyar ta shige cikin nama, hannun kuma yana lilo daga kafaɗa kamar ba nasa ba.

Jaɓɓi ya rayu. Shi da Kawu mota ɗaya ta kai su. An mayar da kafaɗar, mai ɗori ma ya yi nasa, amma hannun bai dawo ba. Ya bushe ya ƙanƙance, ko cokali ba ya ɗagawa. Da manyan masu fito suka zo duba shi suka tambayi yadda gora ya fashe a hannun mutum irinsa, ina zaune a bakin ƙofa. Ya ce goran ya tsufa, shi kuma ranar gaggawa ta sa bai duba ba. Daga nan maganar ta fita. Da fari da tausayi ake faɗa, wai Arzika ma tsufa ya kama shi. Da shekaru suka tura, aka manta da Jaɓɓi, aka manta da igiyar, abin da ya rage shi ne mutumin da ya shiga ruwa bai duba goransa ba. Fulanin kaɗai ba su manta ba. Kowace damina matar Jaɓɓi sai ta kawo masa nono da man shanu, har lokacin da zaman daji ya lalace suka tashi, ban san inda suke ba yanzu.

Ni na gaji mashiga. Mata masu ciki suka koma cewa sai Nomau, na kuwa yi aikin da gaskiya, ban sake hawan kan ruwa ba ko sau ɗaya. Mutane suka ce hankali ya zo mini. Na yi noman gonar Kawu, na aurar da 'ya'yansa, aka riƙa yabona da riƙon zumunci. Duk yabon nan ina jin sa kamar ana zuba mini yashi a tuwo. Kullum da safe in na ɗora gora a cinya, yana rumfarsa yana tufka da hannu ɗaya da yatsun ƙafa, kuma bai sake tambayata mi ya ce ba. Na lura da haka, na ƙi yin tunani a kai.

Sannan jarka ta shigo. Ba ta son raino, ba ta son inuwa, akuya ba ta cin ta. Na bar shuka duma shekara ɗaya, na bar shi shekara biyu, da na buɗe tulun da irin yake sai gari, ƙwari sun gama da shi. Na aika Gangara, aka ce su ma sun daɗe da rabuwa da shi. Jarka tana ɗaukar mutum, ban ce ba ta ɗauka ba, amma tana zamewa a ƙirji, kuma in ka ƙwanƙwasa ta amsarta ɗaya ce ko lafiya ko ba lafiya, sai ta cika ka sani. Da aka yi gada kuma aikin ya mutu gaba ɗaya. Ban yi baƙin cikin gada ba, na ga matan da suka haihu a gaɓa suna jiran ruwa ya kwanta. Irin duman ne nake baƙin ciki, don ni na kashe shi.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da Kawu na iya buɗe baki. Da hantsi ne, na kai masa kunu, ba kowa a ɗakin. Na durƙusa na faɗa masa duka, tun daga Tunau har danƙo. Ya saurare ni har na gama, ya ce in gyara masa matashi.

"Na jiya tun daga rumhwa," in ji shi. "Gora mai tsaga ba shi ɓoyuwa ga kunnena. Na tambaye ka mi yac ce don ka hwaɗi. Na amshe shi hannunka don ka hwaɗi. Har ruwa ya kai man ga ƙirji ina waiwayenka. Da ka hwaɗi, da an ɗauko na Tunau, ko shan hura ba a ƙare ba."

Na ce to shi me ya hana shi faɗa.

"In ni na hwaɗi, an raba ka da gulbi, kai ko ɗan ƙanwata na, ga ɗiya, ga gona ba ta isa. Ni ma ina da nau laihi. Na ɗora ran Bahillace bisa kunyarka. Shi za ni amsawa gaban Allah, ba hannu ba."

Na roƙe shi gafara. Ya ce hannun ya yafe tun ba mu fita ruwa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, cewa da ake yi bai duba gora ba, shi da tun tasowarsa bai taɓa sa ƙafa a gulbi bai ƙwanƙwasa ba. Bai ce in je in faɗa ba. Ni na ce za ni faɗa ran Juma'a a ƙofar masallaci, gaban kowa. Ya ce Allah ya kai mu. Ran Laraba ya rasu.

Juma'ar ta zo ana zaman makoki, na ce ba lokacinta ba ne. Bayan sadakar arba'in na ce a bari zukata su kwanta. Daga nan kullum da dalili. Tunau ya mutu, manyan da suka zauna a ɗakin nan suka yi tambaya duk sun mutu, matan da suke cewa sai Arzika sun mutu. Duk wanda maganar za ta yi wa nauyi ya tafi da abin da ya ji, ni kuma ina nan da furfura ana gaishe ni da girma.

To ga shi na faɗa, ga ku da ba ku san ko kamanninsa ba. In ruwa ya zo bana kuna son hawa, ba zan iya hana ku ba, ƙafafuna ba su kai ni kwanar gulbin. Ku zo dai tukuna, akwai gora ɗaya da ya rage a rataye a ɗakina, na Kawu, wanda ya ba ni ranar. Za ni ɗora muku shi a cinya ku ji yadda lafiyayye yake amsawa, don har yau kowace safiya ina ƙwanƙwasa shi. Amma maganar nan da kuke yi ku gyara ta. Arzika ya ji tsagar tun daga rumfa, ya karɓi goran da saninsa don kada ni in hau shi. In wani ya fita da tayar da ya san ta lalace ya yi shiru, ku ce ya yi irin ta Nomau. Ina gindin dogon yaron nan, zan ji ku, kuma zan amsa.